Da gaske akwai jan kwaɗo kamar tumatir?

Wannan tambaya ta fito daga wata mai sauraro a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Ta ce ta ga hoton wani kwaɗo ja wur a waya, shin halitta ce ko fenti aka shafa masa?

To, Malama, halittar Allah ce. Dangin kwaɗin nan masana na kiransu Dyscophus, iri 3 ne kacal, kuma a tsibirin Madagaska kaɗai suke rayuwa a daji. Mafi ja a cikinsu yana zaune a arewa maso gabashin tsibirin, har cikin magudanan ruwa na garin Maroantsetra. Macen ta fi namijin girma da ja, takan kai santimita 10.

Jan nan gargaɗi ne. Idan maciji ya kawo hari sai kwaɗon ya kumbura, fatarsa ta fitar da wani farin ruwa mai danƙo wanda ke liƙe wa maharin baki, dole ya sake shi. Kyawunsa ne ya ja masa, domin an yi ta kwasar sa ana kaiwa Turai, har a 1987 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kafin a sassauta a 2016.

Yakan binne kansa cikin ƙasa, kamar yadda kwaɗinmu na Katsina ke yi da rani har ruwan farko ya fito da su. Namun ma suna buƙatar kulawa, ganin yadda ake cike kududdufai ana gine-gine, alhali kwaɗin suna rage mana ƙwari sosai.