Darasi: Mece ce Siyasa a Zaman Tare?



A zangonninmu, daga Nima har Kumasi, idan aka ce wane ɗan siyasa ne, ana nufin mai baki biyu. To amma asalin kalmar a Larabci ba haka yake ba. Ta fito ne daga "sasa, yasusu", wato kula da abu yadda zai gyaru. Mai kula da doki "sa'is" ake ce masa, don ya san lokacin jan linzami da lokacin sassautawa. Ke nan miji da mata, maƙwabci da maƙwabci, amir da 'yan ƙungiya, dukkanmu muna siyasa.

Malamai sun bambanta mudara da mudahana. Mudara ita ce tausasa harshe domin gaskiya ta samu shiga. Mudahana kuwa sayar da gaskiya ce don mutane su so ka.

Mu ɗauki izina daga Setapak, wata unguwa a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya. Bayan zaɓen 10 ga Mayu 1969, magoya bayan 'yan adawa suka yi jerin gwanon murna, aka yi wa Malayawa ba'a. Da yammacin 13 ga Mayu, faɗa ya kaure a Setapak tsakanin 'yan asalin Sin da wasu Malayawa masu zuwa taro daga Gombak. Labari ya isa wurin taron a Kampung Baru, yana ƙara girma daga baki zuwa baki, sai gari ya kama wuta. Gwamnati ta ce mutum 196 suka mutu. Aka dakatar da majalisa har 1971. A 1970 aka shelanta Rukun Negara, ginshiƙai biyar na zaman tare, na ƙarshensu ladabi da kyawun ɗabi'a.

Lallai akwai tsohon miki na talauci da ƙabilanci, amma harshe ne ya fama shi. Suratul Hujurat ta riga ta gargaɗe mu: aya ta 6 a kan tantance labari, ta 11 a kan ba'a, ta 12 a kan zato da gulma.

Saboda haka lokacin zaɓe, ko rikicin limanci, ko saɓani a gida, mu tambayi mai kawo labari: "Da idonka ka gani?" Wanda ya yi mana laifi mu same shi a keɓe, mu faɗa masa gaskiya da lafazi mai taushi. Wannan ita ce siyasa.

Allah ya tsare harsunanmu, amin.