Kare ga mai firgita cikin dare

A ƙauyukan Funtua da Malumfashi akwai manoman da suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga, amma barci ya ƙaurace musu. Ƙarar babur kaɗai sai gabansu ya faɗi, zufa ta karyo.

A Amurka ana horar da karnuka domin irin waɗannan mutane, musamman tsofaffin sojoji. Kare ya tashi mai shi daga mugun mafarki, ya kwanta a cinyarsa har bugun zuciya ya lafa, ya kuma tuna masa lokacin shan magani. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta ba irin wannan kare damar shiga kanti da asibiti. Horon yakan ɗauki shekara guda zuwa biyu, don haka karen farauta ko na gadin gona ba zai iya aikin ba.

Shawarata, ɗan'uwa, fara da likita. Ka kai mara lafiyar babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. In abin ya yi tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. In haushin kare a ƙofar gida yana sa shi runtsawa, a bar masa, bayan an tuntuɓi malami kan hukuncin ajiye kare. A dai yi wa karen allurar rigakafin hauka kowace shekara.