Ramin da ke ƙarƙashin Integer a Java

Masu rubuta manhaja da Java, ku kula da wannan. Tun fitowar Java 5 a 2004, harshen kan ɗauki lamba tsura, wato int, ya naɗe ta cikin Integer da kansa ba tare da ka nema ba. Sauƙi ne, amma akwai rami a ƙarƙashinsa.

Idan alamar == ta shiga tsakanin Integer biyu, ba ƙimar da ke ciki take dubawa ba. Tambayarta ita ce ko abu ɗaya ne a ma'adanar kwamfuta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne Java tana ajiye lambobi daga -128 zuwa 127 a shirye, duk wanda ya nema ta miƙa masa guda ɗin nan. Shi ya sa 127 da 127 za su zo daidai, 128 da 128 kuwa a bisa tsarin asali su saɓa. Ka gwada manhajarka da ƙananan lambobi, komai lafiya lau. Ranar da lambar abokin ciniki ta haura 127 sai lissafi ya rikice shiru, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Irin wannan ɓarna ta fi cin rai wajen nema.

Haka kuma Integer na iya zama null, kuma da zarar an warware shi zuwa int sai NullPointerException ta kifar da shirin.

Don Allah ku kwatanta da equals, ko Objects.equals idan ana tsoron null. Inda int zai wadatar, ku bar shi tsurarsa.