Na'urar Gadin Ƙofa da Taga: Wacce Za Ta Yi Aiki a Dosara?

Wani bawan Allah mai shagon kayan masarufi a Dosara, cikin ƙaramar hukumar Maradun, ya aiko mini da tambaya. Ya ce sau biyu a damina ɗaya ana ɓalle masa kwaɗon shago da daddare, kuma duk da cewa shagon a jikin gidansa yake, bai farga ba sai da ya fito sallar asuba. Ƙaninsa da ke zaune a Kano ya nuna masa hoton wata 'yar na'ura da ake mannawa a ƙofa ko taga, babu waya babu tona gini, da zarar an buɗe sai saƙo ya faɗo a wayar mai gida. Yana tambaya ko ya aika a sayo masa.

Malam, Allah Ya mayar maka da alheri, Ya kiyaye gaba. Ka saya, amma ba irin wadda aka nuna maka ba. Bari in faɗi dalili.

Duk yawan sunaye da kamfanonin da za ka gani, cikin waɗannan na'urori iri ɗaya ne. Gida biyu ne: ƙarami da babba. A cikin ƙaramin babu komai sai maganaɗisu, wato mayen ƙarfe. A cikin babban akwai batir da wata siririyar kwalba kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da zaren ƙarfe biyu. Ana ɗaura ƙaramin a jikin ƙyaure, babban a jikin firam, su yi kafaɗa da kafaɗa. Muddin ƙofa na rufe, maganaɗisun yana riƙe da zaren nan biyu a haɗe. Aka tura ƙofa, ya yi nisa, sai su rabu, na'urar ta san an buɗe. Ba sabuwar fasaha ba ce. Tun shekarar 1936 aka ƙirƙiro wannan makunni a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka. Hikimar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa jingina gwangwani cike da tsakuwa a bayan ƙyaure kafin ya kwanta ya san ta.

Bambancin yana wurin abin da ke faruwa bayan zaren sun rabu, kuma a nan ne mutane ke zubar da kuɗinsu.

Wadda ƙaninka ya nuna maka ta Wi-Fi ce, irin masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life. Ita ba ta ihu. Sai ta sanar da na'urar intanet ta gida, ita kuma ta aika labarin zuwa wata babbar kwamfuta a ƙasar waje, daga can a dawo da shi wayarka. Ka ƙirga abubuwan da dole su kasance lafiya lau da ƙarfe biyun dare: wuta a na'urar intanet, data a cikinta, sabis mai ƙarfi a gari, caji da data a wayarka, sannan kai kanka ka ji 'yar ƙarar shigowar saƙo bayan ka wuni a gona ko a tsaye a shago. Ɗaya ya kuskure, ɓarawo ya gama aikinsa a tsanake. Ba sai na ba ka labarin wutar kamfanin Kaduna Electric da ke raba wa Zamfara ba, ka fi ni sani.

Sannan akwai abin da mutumin wannan yanki bai kamata ya manta ba. A farkon watan Satumba na 2021, kwanaki kaɗan bayan an sace ɗalibai fiye da saba'in a makarantar sakandaren Kaya, nan cikin Maradun, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara. An ce mako biyu ne, amma ƙauyuka suka yi watanni babu kira babu saƙo. A tsawon wannan lokaci, duk wata na'urar tsaro da ta dogara da intanet ko layin waya ta zama ƙwanƙo. Abin da ya faru sau ɗaya yana iya sake faruwa. Shi ya sa ƙa'idata ga mutanen Dosara da Bakura da Talata Mafara guda ce: kada ka sayi mai gadin da sai ya nemi izinin sabis kafin ya tashe ka.

Iri biyu ne suka cika wannan sharaɗi.

Ta farko ita ce mai ihu da kanta. Jiniyar tana cikin jikinta, tana aiki da ƙananan batir masu kama da maɓalli ko kuma siraran nan na rimot, kuma ita ce mafi araha a kasuwa. Ba ta san intanet ba, ba ta san NEPA ba. Tana da makunni a gefe: kashe, ƙararrawar sallama, da jiniya. Ga ɗakin kwana, ko ɗakin da aka ajiye batirin sola, ta wadatar. Rauninta biyu ne. A wurin ɓarawo take ihu, ba a wurinka ba, don haka in shagon yana bakin titi kai kana can ƙuryar gida, da wuya ka ji, musamman ana ruwa a kan rufin kwano. Kuma yawancinsu suna yin shiru da zarar an mayar da ƙofa, ko an fizge su an taka.

Na biyu shi nake ba ka shawara a kai. Saiti ne: 'yan na'urorin ƙofa guda uku ko huɗu, da uwar akwati ɗaya, da rimot. Na'urorin suna magana da uwar ta iska kai tsaye, kamar rediyo da tasharta, yawanci a kan zangon 433 MHz, ba tare da bi ta intanet ba. Uwar ka ajiye ta a kan gadonka. An taɓa ƙofar shago, ɗakinka ne zai ɗauki ƙara, kuma mai kyau za ta nuna maka lambar ƙofar da aka buɗe. Wasu suna da gurbin layin waya, su kira lambobin da ka ajiye musu ko su tura saƙon tes. Wannan ƙari ne mai amfani ranar da ka tafi cin kasuwar Talata ko ka kwana a Gusau, kuma kira da tes suna fita ko a inda intanet ba ya motsi. Amma ka ɗauke shi a matsayin ƙari. Ka tabbata layin yana da rajista da lambar NIN, ka riƙa sa masa kati kana kira da shi lokaci-lokaci, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani yana rufe shi. Uwar akwatin kuma tana son wuta dare da rana. Batirin cikinta na 'yan sa'o'i ne, saboda haka ka haɗa ta da solarka, bayan mai gyara ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinta.

Yanzu ga inda aikin yake, wato ɗaurawa. Mafi yawan na'urorin da aka ce mini "ba su da kyau", da na je na duba, ɗaurin ne ba daidai ba.

Waɗannan kaya an ƙera su ne da tunanin ƙofar katako mai santsi a gida mai sanyi. Ƙofar shagonka ta ƙarfe ce, aikin mai walda. Ƙarfe yana shanye ƙarfin maganaɗisu, sai tazarar da na'urar ke iya ji ta ragu sosai, sannan yana danne saƙon da take aikawa uwar akwati. Maganin mai sauƙi ne: ka sa kafinta ya yanko maka 'yan guntayen katako masu kaurin ɗan yatsa, ka ɗaure su a jikin ƙarfen, sannan ka ɗora na'ura da maganaɗisu a kansu. Tazarar da ke tsakanin biyun kada ta wuce santimita ɗaya in an rufe, kuma alamar da ke gefensu ta kalli juna. A sama za ka sa, ta ciki, a gefen da ƙofa ke buɗewa, ba gefen da take juyawa ba.

Kada ka yarda da gam ɗin da ke zuwa manne a bayansu. Na taɓa ɗaura wa wani mai sito guda huɗu da wannan gam a ƙarshen hunturu. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, ƙofar ƙarfe ta koma kamar tanda, gam ya saki, maganaɗisu ya faɗo cikin dare, jiniya ta tashi unguwa. Sau biyu aka yi haka, a na uku babu wanda ya leƙo. Wannan shi ne babban hatsarin ƙarar ƙarya: tana koya wa mutane juya kwanciya. Tun daga ranar, sukuru nake sawa.

Haka ƙofar da ke da lilo. In ka rufe ta da kwaɗo kana iya girgiza ta gaba da baya, to iskar hadarin farkon damina za ta yi mata fiye da haka. A gyara sakata tukuna, ƙofa ta zauna daram, sannan a ɗaura na'ura. Ƙyauren katako kuwa yana kumbura da damina ya tsuke da rani, sai a sake duba tazarar in yanayi ya juya. Yawancin na'urorin ba sa jure ruwa, ƙurar hunturu kuma tana shiga wurin batir. A goge da busasshen ƙyalle.

Nisan da aka rubuta a kwali, mita ɗari ko fiye, na fili ne fetal. Katangar laka mai kauri biyu ko uku da rufin kwano suna cinye yawancinsa. Kafin ka huda ko'ina, ka ajiye uwar akwati inda za ta zauna, ka tura yaro ya riƙe na'urar a bakin shago yana raba ta da maganaɗisun, sau goma. In ta amsa tara, wurin bai yi ba. Ka matsar da uwar kusa da taga ko ka ɗaga ta sama. Batir kuma kada ka jira ya mutu. Ka ɗaure canjinsa da abin da ba ka mantawa, kamar ƙaramar salla da babba, ka kuma gwada kowace ƙofa ranar Juma'a. Duk inda za a sayo, Gusau ne ko Sakkwato ko kasuwar Sabon Gari a Kano, a gwada a gaban mai kanti, a kuma tambayi irin batirin, a zaɓi wanda ake samu a kusa.

Ban da shago, ka duba abin da ɓarawo ke so a gidan manomin yankin Bakolori: injin ban ruwa, buhunan taki, shinkafar da aka sussuka, babur a zaure, batirin sola. Ƙofofin nan su suka cancanci na'ura. Tagar da ke da ƙarfe mai kauri tana iya jira.

Akwai abin da ba ta gani, kuma gara ka sani tun yanzu. Buɗewa kawai take ji. Wanda ya hauro katanga, ko ya ɓalle kwano ya diro ta sama, ko ya huda bangon laka ta baya, bai taɓa ƙofa ba, don haka ba za ta ce uffan ba. Ga cikin shago, ka ƙara na'ura ɗaya mai jin motsin mutum, wadda ke haɗuwa da wannan uwar akwati, amma kada ta kalli taga ko inda kyanwa ke hawa. Ba ta kuma maganin ɓarawon gida. Da ɗan gari akan ci gari. Rimot da lambar sirri su tsaya tsakaninka da uwargida, kada ka bar yaran shago su san inda ake kashewa.

Maganar da ta fi mini nauyi na bar ta ƙarshe. Wannan na'ura ta ɓarawon dare ce mai tsoron a gan shi, wanda ƙara kaɗai ke sa ya cika wandonsa da iska. Ba ta 'yan bindiga ba ce. Wanda ya zo da mutum ashirin a kan babura ba jiniya ce za ta kore shi ba, har ma tana iya nuna masa gidan da ke da abin karewa. Shi ya sa ban so ka kafa babbar jiniya a saman shago ba. Ka bar ƙarar a ɗakinka, daidai yadda za ta tashe ka kai da iyalinka. In ta tashi, kada ka fito da gudu da tocila a hannu. Ka saurara tukuna. In ka ji babura ko harbi ko muryoyi da yawa, kaya ba su kai rai ba. Ka bi hanyar da kuka riga kuka tsara da iyali, ka sanar da jami'an tsaro ko Askarawan Zamfara da ke kusa in akwai hali. In kuwa ɓarawo ɗaya ne kuma Allah Ya ba ku sa'arsa, a miƙa shi ga mai unguwa da 'yan sanda da ransa da lafiyarsa.

Kafin ka kunna ta daren farko, Malam, ka zauna da maƙwabtanka na dama da hagu, ka jiyar da su ƙarar, ku yi shawarar wanda zai kira wa da abin da kowa zai yi. Sannan ka sa mai walda ya canza maka matattarar kwaɗon nan da aka ɓalle har sau biyu.