DARASIN KIWO: CIWON MAJAYI A JIKIN DOKI

A Kafin Dafga da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo, doki dukiya ne, kuma abin alfahari. A shekarar 2024 gwamnatin Jihar Kano ta mayar da waɗannan ƙananan hukumomi biyu ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Duk mai doki yana son ya fito ranar hawan Salla. Amma ƙaramin ciwo guda yakan hana doki fita. Shi ne ciwon majayi.

Mene ne ciwon majayi?

Majayi shi ne ɗamarar da ke ratsa ƙarƙashin ƙirjin doki, ta riƙe sirdi. Fatar da ke bayan ƙafafun gaba tana da laushi, tana kuma naɗewa. Idan majayi ya yi ta goga ta, sai gashi ya zube, wurin ya kumbura ya yi zafi. In aka ci gaba da hawa, fata ta saɓule, ta zama miki.

Me ke kawo shi?

1. Majayi mai datti, wanda gumi da ƙasa suka bushe a kai.
2. Majayin fata da ya ƙandare don rashin mai.
3. Ɗaurin da ya matse ƙwarai, ko wanda ya yi sako-sako har sirdi yana zamewa.
4. Ɗaura sirdi ba a goge doki ba. Ƙwayar yashi ko ƙarangiya ɗaya ta isa.
5. Dokin da ya daɗe a turke yana cin dawa da harawa, ya yi ƙiba, fatarsa ta yi taushi, sai rana ɗaya a wuni a kansa. Wannan ya fi faruwa lokacin Salla.

Yadda ake magani

Babban magani shi ne hutu. Kada majayi ya sake taɓa wurin sai fata ta rufe sarai. Ƙaramin ciwo yakan ɗauki mako 1 zuwa 2, mai zurfi ya fi haka.

In kumburi ne kawai, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora minti 10, sau 2 ko 3 a rana.

In fata ta buɗe, a tafasa ruwa rabin lita, a bari ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali 1. A rage gashin gefen ciwon da almakashi, a wanke a hankali safe da yamma. Idan ya bushe, a shafa man ciwo da malamin dabbobi ya bayar, ko basilin mai tsabta. A share kashi daga barga kullum don rage ƙudaje.

Kada a zuba baƙin mai, ko garin batir, ko toka, ko kashin shanu. Suna ƙona nama, suna ƙara datti.

Yaushe za a kira malamin dabbobi?

A kira shi in ciwon yana wari ko fitar da mugunya, ko doki ya daina cin abinci. Haka kuma in ƙuraje suka fito a jere kamar carbi, suna fashewa. Wannan wata cuta ce mai wuyar magani da ke shiga ta miki. Ƙudaje da kayan doki na aro suna yaɗa ta. Sai a ware dokin nan take. In kuwa jikinsa ya sandare, muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, alamar cutar tetanus ce, mai saurin kashe doki. Akwai allurar rigakafinta.

Rigakafi ya fi magani

A goge doki kafin hawa, musamman hammata da ƙirji. A wanke majayin zare, a shafa wa na fata mai. Za a iya naɗe shi da tsumma mai laushi wanda ba shi da kulli.

A bar tazarar faɗin tafin hannu tsakanin majayi da ƙafar gaba. A ɗaure kaɗan-kaɗan, a ja doki ya taka, sannan a ƙara. Ɗauri ya yi daidai in yatsu biyu suna shiga. Daga nan a ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya, a miƙe su gaba, don fatar da ta naɗe ta warware.

Bayan sauka, a wanke gumi, a shafa hannu a ji ko akwai zafi ko kumburi.

Mai niyyar hawan Salla ya fara kilisa makonni kafin ranar, gajeriya tukuna, yana ƙarawa a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi

1. A ina ciwon majayi ke fitowa?
2. Gishiri nawa ake zubawa a rabin litar ruwa?
3. Don me ake miƙe ƙafafun doki bayan ɗaura sirdi?