Me Ke Hana Furen Tumatir Ƙulla 'Ya'ya da Bazara?

Manoman rani na Kadawa sun daɗe da sanin cewa tumatir ɗan sanyi ne. Cikin hunturu yakan zuba 'ya'ya rututu, amma da bazara ta kankama sai fure ya dinga kakkaɓewa a banza. Wani ɓangare na dalilin yana cikin garin fure, wato ƙurar nan rawaya mai ɗauke da irin namiji.

Idan ƙwayar garin ta sauka a bakin sashen mace na fure, takan tsotsi danshi, ta tsirar da siririn bututu wanda zai nutsa har ya iske ƙwan iri. In bututun bai kai ba, babu 'ya'ya.

Wannan tsiro ba ya yiwuwa sai da wasu ƙananan sinadarai da ake kira foliyamin. Fitattu cikinsu uku ne: futiresin, da sifamidin, da sifamin. Daga na farkon ne ƙwayar ke sarrafa sauran biyun, da taimakon wani sinadari mai hanzarta aikin.

A shekarar 2002, masana a Jami'ar Mie ta ƙasar Japan suka bayyana cewa zafin digiri 38 yana danne wannan mai hanzartawa. Futiresin na ƙaruwa, amma sifamidin da sifamin sun tsaya cik, tsiro kuma ya raunana. Da aka ƙara wa garin sifamidin ko sifamin, sai tsiron ya farfaɗo. Futiresin kuwa bai yi magani ba.

Saboda haka, mai neman irin tumatir da zai jure bazara, ya kamata ya fara duba garin furensa.