Amsoshin Wasiƙunku: Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

To jama'a, wasiƙu sun yi tuli, lokaci kuma ba ya jira. Ga wata ɗaliba daga Funtuwa, ta rubuto lambar 123,456,789, tana tambaya wace iri ce, kuma ko tana rabuwa.

Madalla 'yata, irin tambayar da nake so ke nan. Da farko dubi lambar ƙarshe. Tara ce, saboda haka mara ce, ba cika ba, biyu ba za ta raba ta ba. Sai ki tara lambobin duka, daga 1 har 9, za ki samu 45. Tunda tara tana raba 45, to tana raba uwar lambar ma. Ki gwada, za ki samu 13,717,421 ba saura. Ita kuma wannan, 3,607 ce sau 3,803, kuma a nan tafiya ta tsaya, don waɗannan biyun ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Masana lissafi na cewa irinsu su ne tubalin da aka gina kowace lamba da shi. Kada ku raina su, da su ake kulle sirrin saƙonnin banki. Ninka manya biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba kwamfuta amsar a ce ta gano su, nan gizo ke saƙar.

Kuma 'yata, kada wani ya ce miki lissafi na Turawa ne. Shehu Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi kan tsara hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ɗan Katsina ne, jiharku!

Wani daga Damagaram yana tambaya, wace lamba ce ta fi kowace girma? Kai jama'a, mun sha amsa wannan fa. Babu! Duk wadda ka kawo, ƙara ɗaya ka wuce ta. Masu ƙin rabuwar nan ma ba su da iyaka, masanin lissafi Yuklid ya tabbatar da haka wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma a Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata ƙatuwa cikinsu: a ninka 2 da kanta har sau 136,279,841, a cire ɗaya. Tsawonta lambobi 41,024,320 ne. In ka ce za ka karanta ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ka haura shekara guda da wata uku.

Mai neman lambar sa'a don caca kuwa, Malam, lissafi bai san wannan ba, ka riƙe kuɗinka.

Ana yi mini alamar lokaci ya cika. Don Allah masu aiko da dogayen lambobi, ku riƙa sa waƙafi bayan kowane uku, ku kuma rubuta da kyau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.